Abu Ali da sauran shidan: me ke samun iyalin sojan da ya faɗi a fagen daga?

Baban Sadik, Bauchi:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. A daren 4 ga Nuwamban 2016 ne Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali ya rasu a Malam Fatori, hedikwatar ƙaramar hukumar Abadam ta jihar Borno, lokacin da mayaƙan Boko Haram suka afka wa sansanin soja da ke garin. Yana da shekara 36 a duniya, kuma shi ne kwamandan bataliya ta 272 mai tankokin yaƙi. Wanda bai ga farkon shekarar 2015 da hankalinsa ba, da wuya ya fahimci dalilin da ya sa mutuwar hafsa guda ta girgiza Arewa haka. A ranar 3 ga Janairun wannan shekarar Baga ta faɗa hannun 'yan ta'adda, Monguno ta bi bayanta kafin watan ya ƙare, har aka ɗage zaɓen shugaban ƙasa daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris domin sojoji su sami sarari. A cikin makonnin nan aka ƙwato Monguno, aka ƙwato Baga, kuma sunan wani matashin Manjo da ke jan tankoki a sahun gaba, wato Abu Ali, ya fara yawo a bakin mutane. A watan Satumba Janar Tukur Yusuf Buratai, babban hafsan sojin ƙasa na lokacin, ya maƙala masa ƙarin girma a Gamboru Ngala tun lokacinsa bai yi ba. Mu mutanen Bauchi muna jin sa kamar ɗan gida, domin mahaifinsa, Birgediya Janar Abu Ali, ya yi mana gwamnan soja daga 1990 zuwa farkon 1992. Allah ya jiƙan Laftanar Kanar Muhammad, ya sa ya huta.

Abin da ya sa na buɗe wannan magana shi ne, duk shekara muna ɗora hotonsa muna addu'a, daga nan kowa ya kama gabansa. Amma ranar 7 ga Nuwamban 2016, da aka kai shi maƙabartar sojoji ta ƙasa a Abuja, ba shi kaɗai aka binne ba, akwai wasu sojoji shida tare da shi. Ina so a gaya mini tsakani da Allah, wa ya taɓa tambayar halin da matansu da 'ya'yansu suke ciki?

Ɗan Monguno:
Wa alaikumus salam, Malam. Amin summa amin. Ni kafin a shiga batun iyali ina so a ba aikin da aka yi haƙƙinsa, domin mu ne muka amfana da shi kai tsaye. Lokacin da garinmu ya faɗi, jama'a sun watsu, wasu sun kwana a daji da tsofaffi da jarirai kafin su isa Maiduguri, kuma babu wanda ya yi zaton zai sake ganin ƙofar gidansa. Sojojin da suka shiga Monguno a tsakiyar Fabrairun 2015 su ne dalilin da ya sa aka sake kiran salla a masallatanmu. Don haka idan wani ya ce ɗora hoto da addu'a aikin banza ne, ba zan yarda ba. Akwai yaran da aka haifa bayan haka, waɗanda ba su san an taɓa tserewa daga garin ba, kuma ta irin wannan tunawar ce kaɗai za su san cewa da jini aka dawo da shi.

Baban Sadik, Bauchi:
Ban ce aikin banza ba ne, ɗan'uwa. Cewa na yi bai wadatar ba.

Tsohon Samanja, Zariya:
Na ga ana maganar gidanmu, sai na ce bari in sa baki. Na shiga soja ta Depo a nan Zariya, na yi aiki har na kai Samanja kafin in ajiye kaki, kuma na je Laberiya a zamanin ECOMOG, dakarun kiyaye zaman lafiya na Afirka ta Yamma. Abu na farko da nake so 'ya'yana su gane shi ne, bikin binne soja da kuke gani, tutar da ake lulluɓa wa akwati da harbin bankwana da busar begila, ba don gawa kaɗai ake yin sa ba. Waɗanda suke tsaye a jere da bindiga a kafaɗa suna kallo, kuma kowannensu yana auna yadda za a yi da shi idan tasa ta zo. Haka nan Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya da ake yi ranar 15 ga Janairu. A da ranar 11 ga Nuwamba ake yin ta, kamar sauran ƙasashe rainon Ingila, daga baya aka mayar da ita ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970. Ana ajiye furanni, ana sakin tattabaru, ana sayar da bajon tunawa domin tara wa ƙungiyar tsofaffin sojoji da iyalan mamata kuɗi. Mai kallo daga waje zai ce shagali ne, amma sojan da ya ga ana binne abokinsa a wulaƙance ba zai tsaya da zuciya ɗaya ba idan wuta ta buɗe.

Abu na biyu, ba gaskiya ba ne a ce babu wani tanadi. A rubuce akwai kuɗin binnewa, akwai giratuti, akwai inshorar rai, akwai kuma tsarin ɗaukar nauyin karatun 'ya'yan wanda ya mutu a bakin aiki. Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin abin da ke rubuce da hannun matar mamaci, kuma a wannan tazarar ba kullum hukuma ce mai laifi ba.

Maman Hanifa:
Baba Samanja, Allah ya ƙara maka lafiya. Na daɗe a wannan zaure ina karatu ba na magana, amma yau abin ya zo kaina. Mijina Kofur ne, kuma a wannan yaƙin na Arewa maso Gabas ya rasu. Ba a sa hotonsa a jarida ba, ban kuma ji haushin haka ba, domin shi kansa ba mai son a san shi ba ne.

Matan bariki sun san yadda labarin yake zuwa. Da farko wayarsa za ta daina shiga, sai ki ce ai babu sabis a inda suke, domin an saba. Sai ki lura maƙwabtanki sun rage hira idan kin fito shanya. Ni da na hango Magajiyar bariki, wato shugabar matan sojoji, ta nufo ƙofarmu tare da limami da wani hafsa, kuma Magajiya ta yafa mayafi a lokacin da ba ta saba ba, ban jira sun yi magana ba na zauna a ƙasa. Daga baya aka kawo akwatinsa na ƙarfe. A ciki akwai kakinsa a ninke, da takalmi ƙafa ɗaya da busasshen taɓo a jikinsa, da carbi, da wani ƙaramin littafi da yake rubuta bashi, wanda ake bin sa da wanda yake bi. A shafin ƙarshe ya lissafa kuɗin makarantar yara na zango mai zuwa, ya ja layi a ƙasa. Da wannan littafin na biya mai shagon da ke bin mu kuɗin shinkafa.

Na yi takabata a barikin, wata huɗu da kwana goma, babu wanda ya tsangwame ni, kuma matan abokan aikinsa sun tsaya mini iyakar ƙarfinsu. Amma gidan bariki ba gado ba ne, akwai wani sojan da iyalinsa suna jiran ɗaki, don haka dole wata rana ki tattara kayanki. Ba wannan ne ya karya ni ba. Abin da ya karya ni shi ne ranar da aka buɗe fayil ɗinsa aka ga sunan da ya rubuta a matsayin wanda za a tuntuɓa kuma a miƙa wa haƙƙinsa. Sunan yayansa ne, wanda ya rubuta tun yana kurtu, kafin ya san ni, kuma bai taɓa komawa ya canza ba. Kuɗi suka fito, suka shiga hannun yayan. Ya ba ni abin da ya ga dama, ya ce sauran zai juya wa marayu, kuma har yau ban ga uwa ba, ban ga riba ba. Da awara da kunun da nake sayarwa nake riƙe da yara uku.

Baban Sadik, Bauchi:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari. Hajiya, kin amsa tambayar da na yi fiye da yadda na zata.

Tsohon Samanja, Zariya:
'Yata, Allah ya ba ki haƙuri. Abin da kika faɗa na gan shi ba sau ɗaya ba. Yaro yana shiga soja yana ɗan shekara 18 ko 20, a miƙa masa takarda a ce ya rubuta makusancinsa, sai ya rubuta uba ko wa, domin su ya sani. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, takardar tana nan yadda take. Lokacin da nake aiki nakan tara yarana kafin a tafi fagen daga in ce kowa ya je wurin akawu ya duba fayil ɗinsa, sai ka ga suna sunkuyar da kai. Wani yana ganin kamar kiran mutuwa ne. Wani tsoron mahaifiyarsa yake ji, kada a ce mace ta mallake shi ya cire ɗan'uwansa ya sa ta. Wani kuma matansa biyu, ya san duk wadda ya rubuta ya kunna wuta a gidansa, sai ya bar sunan wan domin a zauna lafiya. Mai biyan kuɗi kuwa ba ya duban wa ke kuka, sunan da ke takarda yake bi.

Barista, Kaduna:
Ina yi wa 'yar'uwarmu ta'aziyya. Sai dai ina so in gyara wata fahimta da ta yaɗu, wadda ita ce take ba irin wannan yayan ƙarfin gwiwa. Kasancewar sunan mutum a takardar ma'aikaci bai mayar da shi magaji ba. Matsayinsa na wanda aka aminta da shi ne, wanda za a sanar idan abu ya faru, wanda kuma zai karɓa a madadin masu haƙƙi. Idan mamacin Musulmi ne, rabon yana bin ƙa'idar gado, kuma ƙa'idar a bayyane take: matar da mijinta ya bar 'ya'ya tana da kashi ɗaya cikin takwas, idan matan sun fi ɗaya su raba wannan kason a tsakaninsu, uwa tana da ɗaya cikin shida, uba ma haka idan akwai ɗa namiji, sauran kuma na 'ya'ya ne, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Ɗan'uwa ba ya cin komai matuƙar akwai ɗa namiji ko uba a raye. Saboda haka, Hajiya, idan a cikin yaranki akwai namiji, yayan mijinki ba shi da ko sisi a wannan dukiya, kuma kotun shari'ar Musulunci tana da hurumin kiransa ya kawo lissafi. Abin da za ki nema shi ne shaidar adadin da aka biya da ranar da aka biya, sai shaidar aurenku da takardun haihuwar yaran.

Malam Na-Ringim:
Barista ya yi bayani mai kyau, amma akwai wurin da ya kamata a taka a hankali. Albashin da mamaci ya riga ya yi wa aiki da duk abin da ya mallaka kafin ransa ya fita, wannan gado ne babu jayayya. Amma kuɗin da hukuma take bayarwa saboda mutuwar kanta, malaman wannan zamani sun yi saɓani a kansa. Wasu suna ganin ya shiga cikin dukiyar gado, wasu suna ganin kyauta ce daga mai bayarwa, don haka ana bin sharaɗin da ya gindaya, idan ya ce na mata da 'ya'ya ne to nasu ne su kaɗai. Abin lura shi ne, ko wace fahimta aka ɗauka, babu wadda ta ba wa damar riƙe kuɗin. Kuma Alƙur'ani a cikin Suratun Nisa'i ya siffanta masu cin dukiyar marayu da zalunci da cewa wuta suke zubawa a cikinsu. Ina ba da shawarar a fara da dattawan dangi da limamin unguwarsu kafin kotu, domin yaran nan gobe za su buƙaci dangin ubansu wajen aure da sauran al'amura.

Maman Hanifa:
Allah ya gafarta Malam, an yi zaman dattawa. Abin da aka ce mini shi ne in yi haƙuri, kada in raba zumunci saboda abin duniya, kuma ai ni yarinya ce zan yi wani auren in kai wa wani ƙato dukiyar ɗansu. Akwai namiji a cikin yaran, shi ne babba. Barista, ban taɓa sanin cewa ina da ikon neman a nuna mini adadin da aka biya ba.

Ɗan Monguno:
Ni fa ina ganin mun saki babban mai laifi mun kama ƙarami. Dangi sun ci amana, na yarda. Amma wa ya tura mutumin nan fagen daga? Wanda ya tura shi ai shi ya kamata ya tabbatar abin da ya bayar ya isa ga marayu. Ku duba abin da ya faru bayan kisan sojoji 17 a Okuama ta jihar Delta a watan Maris na 2024. Shugaba Tinubu da kansa ya halarci jana'izar a Abuja, ya ba su lambobin girma, ya yi wa iyalansu alkawarin gidaje da karatun 'ya'ya, ya kuma ba da umarnin a biya haƙƙoƙinsu cikin kwana 90. Abu ne mai kyau, ban ƙi ba. Amma me ya sa sai shugaban ƙasa ya tsaya a bakin kabari kafin a sa wa biyan haƙƙi wa'adi? Sojojin da suka faɗi a Metele a watan Nuwamban 2018 tare da kwamandansu, Laftanar Kanar Ibrahim Sakaba, da waɗanda suka faɗi tare da Birgediya Janar Dzarma Zirkusu a Askira Uba a Nuwamban 2021, jininsu bai fi na wasu arha ba. Wa'adin nan ya kamata ya zama doka ga kowa, daga Janar har Farabiti.

Tsohon Samanja, Zariya:
Ɗana, a kan wa'adi ina tare da kai. Amma ka sani soja ba kotun rabon gado ba ce. Idan ta fara zaɓar wa za ta ba, wa za ta hana, saɓanin abin da mamaci ya sa wa hannu, gobe za a ce ta shiga tsakanin dangi, kuma rundunar ta ƙunshi Musulmi da Kirista da ƙabilu masu al'adun gado daban-daban. Ko mutum shidan da aka binne tare da Abu Ali ba addininsu ɗaya ba.

Barista, Kaduna:
Baba, da girmamawa, akwai tsaka-tsaki tsakanin zama kotu da miƙa kuɗi a juya baya. Ana iya wajabta sabunta takardar duk lokacin da soja ya yi aure ko aka yi masa haihuwa, kuma a hana shi tafiya fagen daga sai ya sa hannu cewa ya duba ta. Ana iya cewa ba za a saki kuɗi ba sai matar mamaci tana wurin ta ga adadin da idonta. Kuɗin karatun yara kuwa ana iya biyan sa kai tsaye ga makaranta, ta yadda ba zai bi ta aljihun kowa ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar a yanke hukuncin wane ne magaji.

Ɗan Diffa:
Gaisuwa daga Nijar. Ina bin zancen nan da kyau domin Malam Fatori a bakin ƙofarmu take, kogin Komadugu ne kawai ya raba ta da yankin Bosso. Sojojin Nijar da na Chadi ne suka fara korar Boko Haram daga garin a ƙarshen Maris na 2015, kuma a watan Yunin 2016, watanni kaɗan kafin rasuwar Abu Ali, an kai wa Bosso mummunan hari inda muka rasa sojoji da dama. Daga baya ga Inates a ranar 10 ga Disamban 2019, inda sojoji 71 suka faɗi a rana ɗaya, aka yi zaman makoki na kwana uku a ƙasa baki ɗaya. Abin da Maman Hanifa ta ba da labari, da za a canza sunan gari, labarin wata mata ce a unguwarmu. Da yawan waɗanda suke mutuwa samari ne da ba su daɗe da aure ba, wasu sun bar ciki. Yaron da aka haifa bayan uban ya rasu ba ya cikin kowace takarda, kuma kafin a shigar da shi sai uwar ta sha yawo. Ina roƙon masu ilimin shari'a su ce wani abu a kan wannan.

Malam Na-Ringim:
Cikin da aka bari yana da gado cikakke idan aka haife shi da rai, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi a ƙasashen nan biyu ana dakatar da rabon ne har sai an haihu. Iddar mai ciki ma haihuwarta ce. Duk wanda ya gaggauta rabo alhali ya san akwai ciki ya saɓa.

Baban Sadik, Bauchi:
Ina so in mayar da mu kan tunawa kaɗan, domin tana da alaƙa da wannan. A yaƙin duniya na biyu an kwashi dubban samari daga Najeriya da sauran ƙasashen yankinmu rainon Ingila zuwa ƙasar Bama, wato Myanmar ta yanzu, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, kuma a maƙabartar Taukkyan da ke kusa da Yangon an sassaƙa sunayen waɗanda suka mutu a can a jikin dutse, har da waɗanda ba a ga gawarsu ba. Turawa ba su biya waɗannan mutane yadda suka biya nasu ba, wannan sananne ne, amma sun ajiye suna. Ina ganin kowace ƙaramar hukuma za ta iya ajiye rajistar 'ya'yanta da suka faɗi a wannan yaƙin, da sunan unguwa da adadin marayun da suka bari. Wanda sunansa ke rubuce a wurin da jama'a ke gani, da wuya wani ya haɗiye haƙƙin 'ya'yansa a ɓoye, kuma masu fitar da zakka za su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Ummu Yasir, Gusau:
Ku yi haƙuri in katse ku. Ƙanena soja ne, yanzu haka yana bakin aiki, yana da mata da 'ya'ya biyu. Ina karanta maganar Maman Hanifa na kira shi, kuma ya tabbatar mini cewa sunan mahaifinmu ne a takardarsa, alhali mahaifinmu ya rasu tun tuni. Da na matsa masa sai ya yi dariya ya ce ina yi masa fatan mutuwa. Baba Samanja, me ya kamata ya yi, kuma zai iya yi daga inda yake?

Tsohon Samanja, Zariya:
'Yata, wannan ya fi na Maman Hanifa haɗari, domin idan sunan mamaci ne a takarda, fayil ɗin tsayawa yake yi cak, a shiga neman takardar rantsuwa daga kotu da wasiƙar dangi, kuma a nan ne rigima take samun ƙofa. Ki ce masa ya sami akawun bataliyarsa ya ce yana so ya sabunta bayanan makusancinsa, ba sai ya jira hutu ba. Za a nemi shaidar aure da takardun haihuwar yaran da ƙananan hotuna, waɗannan matarsa za ta iya aika masa. Ya duba a rubuta sunanta daidai da yadda yake a katinta na ɗan ƙasa da asusunta na banki, domin harafi ɗaya yana iya riƙe kuɗi tsawon lokaci. Idan an gama ya karɓi kwafi ya aiko gida a ajiye. In ya sake yi miki dariya, ki haɗa ni da shi a waya, har yanzu na iya yi wa Kofur magana.

Barista, Kaduna:
Maman Hanifa, na aiko miki da saƙo ta gefe. Ki fara tattara takardar aurenku da ta haihuwar yaran, da duk wani saƙon waya da yayan mijinki ya ambaci kuɗin a ciki, kada ki goge ko ɗaya.